Kabarin Oma a Shekarar Fara

Shekarar da fara ta fito ita ce shekarar da Delmer Sizemore ya binne 'yarsa Oma. Cikin Janairu ne ciwon haƙarƙari ya ɗauke ta, tana da shekara tara. Shi da ƙanin matarsa Hobart suka haƙa kabarin a maƙabartar dangi, can bisa tudu, ƙasa ta daskare kamar ƙarfe. Sun yi ƙafa uku da 'yan kai sai diga ta ci karo da falalen dutse. Suka yi ta sara har tafin hannu ya fashe, dutse bai san ana yi ba. Hobart ya jingina da digarsa yana haki, ya ce, "Mijin Yaya, ya isa haka nan. Wa zai zo da ma'auni?"

Delmer ya ajiye tasa digar. Aka sa yarinya, aka rufe.

Matarsa Verlie tana kwance da irin ciwon ita ma, ba ta samu hawa tudun ba. Da ya dawo gida abu ɗaya tak ta tambaye shi, ko ramin ya yi zurfi. Ya ce ƙafa shida cif. Ta juya fuskarta bango. Ko da ta warke ba ta je ba, ta ce sai Lahadin ado, ranar da dangi ke taruwa a gyara kaburbura a ci abinci tare da na ƙasa.

Watan Mayu ya raba tsakiya, fara ta soma fitowa. Kowa a wannan kwari, fara yake ce mata, ko da yake ba ta taɓa cin masarar kowa ba. Shekara goma sha bakwai take yi a ƙasa tana tsotsar saiwar itace, sannan rana ɗaya ta huda ƙasa ta fito gaba ɗaya kamar an yi mata shela. Delmer ya gan ta yana ɗan shekara bakwai, ya sake ganin ta shekarar da ya yi aure, amma bai tuna ta kai haka yawa ba. Tsakar gida ta zama rariya. Jikin kowane itace ya cika da ɓawon da suka tuɓe, su kuma suna sama da jajayen idanunsu suna kuka, kukan da idan rana ta take sai ka ji shi a cikin haƙoranka. Duk mai baki ya samu sallah. Hankaki suna tsinke musu kai su yar da saura, kaji sun ci har sun daina ƙwai, karen gidan ya ci ya amayar ya koma ya ci. Kana tafiya kana jin su suna fashewa ƙarƙashin takalmi, ga wari ya fara tashi a gindin itatuwa. Ana kashe dubu, dubu goma na fitowa.

Ranar Talata, saura kwana biyar Lahadin ado, Delmer ya ɗauki baro da shebur da diga ya hau tudu. Al'adar dangin ita ce a kankare ciyawa tas, kada a bar ko tsinke ɗaya, sannan a tara wa kowane kabari ƙasa ya yi tozo. Kabari mai ciyawa ko wanda ya lotsa abin kunya ne ga masu shi. Na Oma kuwa ya lotsa sosai da ruwan bazara. Ƙasar fili ja ce mai tsakuwa, sai ya ga bai dace da yarinyar ba. Ya zagaya bayan tudun, ɓangaren inuwa, gindin wani ƙaton itace inda ƙasa take baƙa mai laushi. Can sanyi bai gama sakin ƙasa ba, farar wurin ba ta fito ba tukuna. Duk shebur ɗin da ya ɗebo cike yake da 'ya'yanta, ƙosassu, suna motsa ƙafa a hankali. Ya gan su sarai. Abin da ya zo masa a rai kawai shi ne Oma ba ta taɓa jin tsoron ƙwaro ba. Baro shida ya kai, ya daddaɓe da bayan shebur, ya tsaya ya duba, ya ga ya yi kyau.

Ranar Alhamis da hantsi ya koma don ya kankare na kakanni, ya tarar tozon ya tafi. An watse shi gabas da yamma, an yi rami har gwiwa a daidai wajen kai, ga sawun kofato ko'ina, ga kashi. Sauran kaburburan ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya daɗe a tsaye kafin ya gane cewa shi da hannunsa ya zuba wa aladu abinci a kan 'yarsa.

Ya mayar da ƙasar, ya sauka ta ɗaya gefen zuwa gidan Hobart.

Ya same shi a baranda, ƙafa bisa ƙafa, ya toshe kunnuwa da auduga yana tauna taba. Hobart ya zare audugar kunne ɗaya.

"A'a, mijin Yaya. Yau da me ka tuna da talaka? Ko Yaya ta kore ka ne?"

"Aladunka suna maƙabarta."

"To, su ma dangi ne. Sun je gaisuwa."

"Hobart, kabarin Oma suka tona."

Taunar ta tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba. Hobart ya tofar da yawu can gefen matakala, ya samu wata fara a ka.

"Ka mayar da ƙasar ai?"

"Na mayar. Ina so ka kira su ka kulle, zuwa Litinin kawai."

"In kira su." Ya yi dariya. Ya miƙe ya kama ginshiƙin baranda, ya cika ƙirji ya yi kiran nan nasa da aka san shi da shi, wanda a da ake ji har kwari na uku. Kiran bai wuce bakin shinge ba, kukan fara ya haɗiye shi. "Ka ji ko? Ni kaina ban ji ba. Jiya na watsa musu masara a bakin rafi, Gwamna ya sunsuna ya yi min kallon banza ya wuce. Wa zai ci masara ga nama a ƙasa?"

Gwamna shi ne ƙaton namijin garken, baƙi, mai haure kamar lauje. Su goma sha ɗaya ne, dukkansu da tsagar Hobart a kunne, suna yawo a dutse tun ƙarshen sanyi kamar na kowa.

"To ka bi su da kare."

"Kai dai ba ka so ka ga na ƙaru. Sau ɗaya a shekara sha bakwai Ubangiji yake ciyar min da dabbobi ban sa hannu a rumbu ba. In kulle su in ba su me, wa'azi? Dutse na kowa ne. Mai abin da yake so shi ke yin shinge, haka muka taras."

Delmer ya matso har ya taka matakala ta farko. Ba mai ɗaga murya ba ne, amma a wannan shekarar dole ka ɗaga ko ba ka yi fushi ba.

"Ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan, ka san nisansa. Kai ka ce ya isa."

"Ni na ce, kai kuma ka ajiye diga. Uban wa ya riƙe maka hannu?" Ya mayar da audugar kunnensa. "Alade ba ya tona ƙafa uku. Ka je ka yi shinge. Kuma in faɗa maka tun da rana, duk wanda ya taɓa min dabba mai tsagata, ko mijin wace ce, za mu raba hali."

Delmer ya koma tudu ya wuni yana jan itace. Ya kafa turaku, ya gicciya sanduna, ya tara ƙaya a jiki. Ya san shingen ba wani shinge ba ne. Da ya sauko Verlie tana teburin kicin tana naɗa furannin takarda na adon kaburbura, ta dube shi ta ce ya cika son aiki, ya bar wa sauran dangi nasu mana. Ya ce to.

Ranar Juma'a ya tatsi saniya, ya sha kofi a tsaye, ya sauke bindigarsa mai baki ɗaya daga saman ƙofa. Harsashi biyu ya sa a aljihu, don a tunaninsa ƙara kawai zai yi su watse. Ya ce wa Verlie kurege zai nema.

Bai ji su ba sai da ya gan su. Shingen yana kwance. Aladu sun cika maƙabarta, ƙananan suna kalen fara a gindin duwatsun da aka kafa a wajen kan kaburbura, babbar macen garken kuma ta shige ramin har kafaɗa, bayanta kawai ake gani, ƙasa na tashi ta tsakanin ƙafafunta. Ramin ya ninka na jiya.

Bai yi ƙara ba. Ya ɗora bindiga a kafaɗa ya sakar mata a wuya daga taku goma. Ta yi wani irin ihu da ya keta kukan farar, ta yi tsalle ta faɗo da baya cikin ramin tana shure-shure, jini na tsartuwa a jan ƙasa. Ƙananan suka fashe cikin daji. Ƙarar harbin ta girgiza rassan, fara ta zubo kamar ƙanƙara, a fuskarsa, a wuyan rigarsa, ɗaya ta maƙale masa a leɓe tana kuka. Ya buɗe bindigar don ya sake ɗurawa, ya laluba aljihu, harsashi na biyu ya suɓuce ya faɗa cikin ɓawon da ya rufe ƙasa. Ya sunkuya nema. A nan Gwamna ya same shi.

Bai ga tahowarsa ba. Ji ya yi kawai an ɗaga shi an maka da ƙasa, cinyarsa ta hagu ta yi zafi kamar an zuba tafasasshen ruwa. Ya ga wandon ya rabe daga gwiwa zuwa sama, naman ciki fari kafin jini ya rufe shi. Aladen ya wuce, ya juyo, yana kaɗa haure kumfa na zuba. Delmer ya tare shi da gindin bindiga, ya cusa masa a baki, dabbar ta fizge ta yar kamar kara, ta dawo ta danne masa ƙirji da ƙafafun gaba. Ya ji warin bakinsa, warin ruɓaɓɓiyar fara, ya ga fikafikai manne a dasashinsa. Ya sa babban yatsa a idon aladen ya danna har ya ji abu ya fashe. Gwamna ya ja baya yana gurnani yana jijjiga kai.

Digar tana jingine a dutsen kabarin kakarsa, inda ya bar ta jiya. Ya ja jiki da gwiwar hannu ya kamo ta. Bai iya miƙewa ba, a durƙushe ya jira. Saran farko ya samu kafaɗa, ya zame. Na biyu ya shiga bayan kunne ya maƙale, aladen ya ja shi da digar duka har taku uku kafin ƙafafunsa su lanƙwashe. Delmer ya taka masa wuya da ƙafarsa mai lafiya, ya zare, ya sake sara, ya sake, ya sake, har sai da abin da yake sara ya daina kama da kai.

Ya zauna a ƙasa. Ya zare bel ya ɗaure cinya sama da raunin, ya ja da haƙori. Fara tana ta sauka a kan jinin, tana tafiya a ciki ba ruwanta.

A haka Hobart ya fito daga cikin itatuwa, da igiya a kafaɗa da buhu a hannu. Buhun na ɗiga, warin giya na tashi. Jiƙaƙƙiyar masara ce a cikin giyar masara, irin wadda ake ba alade ya bugu a ɗaure shi. Ashe tun safe yake yawon nemansu. Amma idonsa bai sauka kan kabarin ba, kan Gwamna ya sauka.

Ya ajiye buhun a hankali.

"Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

"Duba ramin, Hobart."

"Shekara shida ina kiwon dabbar nan."

"Na ce ka duba ramin."

Takalmin Hobart ya same shi a haƙarƙari. Na biyu a baki, ya ji haƙori ya karye ya tofar. Hobart ya hau kansa ya kama gashinsa yana buga ƙeyarsa da ƙasa, yana zagin uwarsa da ubansa da duk wani Sizemore da ke kwance a wurin. Delmer ya ga sama ta yi ja. Hannunsa ya faɗa kan shebur, ya kai duka ba tare da ya duba ba. Hobart ya tare da hannun dama, gefen ƙarfen ya sauka tsakanin wuyan hannu da gwiwa, aka ji ƙas kamar busasshen reshe. Ya miƙe yana riƙe da hannun, ya ja da baya, ya ja da baya, ƙafarsa ta samu iska, ya rufta cikin ramin kusa da macen da ke fitar da numfashin ƙarshe.

Delmer ya ja jiki zuwa bakin ramin da shebur a hannu. Allah ne kaɗai ya san abin da ya yi niyya. Da ya leƙa, ya ga Hobart bai ko kalle shi ba. Ya dafa ƙasa da hannun hagu don ya tashi, sai tafinsa ya sauka a kan katako. Ya share ƙasar da yatsu. Farin katakon akwatin gawar Oma ne, Hobart da kansa ya fere shi cikin Janairu. An tone ƙasar kansa kamar faɗin tire, gefe ɗaya duk sawun haƙori, wani ɗan yanki ya ɓalle amma bai huje ba.

Hobart ya daɗe hannunsa na kan katakon.

"Ƙafa uku," ya ce. "Na ce ba sa kaiwa."

"Ka ce."

"Kama min ƙafar wannan mu fid da ita. Kada ta zubar mata da jini a kai."

Mai hannu ɗaya daga ƙasa, mai ƙafa ɗaya daga sama, suka yi ta fama har suka mirgino macen waje. Hobart ya fito ya zauna, fuskarsa ta yi fari fat, hannun na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ya nuna bakin daji da haɓa. Ƙananan sun dawo, su tara, sun jeru suna ɗaga hanci. Jini suka ji.

"Ƙasa ba za ta hana su ba yanzu," in ji Hobart. "Sun san wurin. Sai dutse, manyan falale na bakin rafi. Sai an kawo alfadari da katakon jan kaya."

"Je ka kawo. Kada ka bi ta gidana."

"Alfadarin wa? Nawa ya mutu bara, ka manta? Kuma da wane hannun zan ɗaura masa kaya?"

"Kada ka gaya mata."

"Mijin Yaya, dubi ƙafarka. Dube ni. Kurege za mu ce ya yi mana haka?"

Delmer ya jawo digar ya ɗora a cinya. Hobart ya zazzage buhun masarar can nesa da kabarin, ko za su kula, ya cusa karyayyen hannun cikin riga, ya kama hanyar gangare yana tangaɗi.

Ba su kula masarar ba. Gawar Gwamna suka nufa. Delmer ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki, diga a cinya, yana kallo suna yaga cikin ubansu suna jan hanji suna faɗa a kai. Sau uku wani ya taho wajen ramin, sau uku ya sare shi a hanci. Na ukun ya kama masa takalmi, da kyar ya ƙwace. Bel ɗin ya yi ta sassautawa yana ƙara ja. Rana ta take, kukan farar ya kai inda yake kaiwa, yana tashi yana sauka kamar numfashin wani abu guda ɗaya. Wani lokaci sai ya ga kamar ya yi barci, sai ya farka ya tarar hannunsa na kan katakon.

Kan alfadarin ya fara gani, sannan Verlie tana jan linzami, rigarta jiƙe da ruwan rafi har ƙugu. Falale huɗu ne a kan katakon jan, ita ta ɗora su. Hobart na biye a baya. Ta tsayar da alfadarin, ta ɗauki bindigar daga ƙasa, ta busa bakin, ta ciro harsashi daga aljihun gaban rigarta ta ɗura. Wata mai dabbare-dabbare ta ɗago kai daga gawar, bakinta ja. Verlie ta harbe ta a goshi. Sauran suka watse.

"Wannan ciki gare ta," in ji Hobart a hankali.

"Na gani."

Ta sake ɗurawa, ta miƙa masa ya riƙe da hannun hagu. Sannan ta zo bakin ramin. Ta dubi katakon, ta dubi bangon ramin daga sama zuwa ƙasa, tana aunawa da ido kamar yadda take auna yadi.

"Ƙafa shida ka ce min, Delmer."

"Haka na ce."

"Da ka faɗa min, da tun cikin sanyi na kwaso duwatsun nan da kaina."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta tattare rigarta ta sauka cikin ramin. Fara ta cika kan katakon, masu rai da matattu. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya tana jefarwa waje, ba ta kashe ko ɗaya ba. Ta goge jinin da gefen rigarta, ta mayar da ɗan yankin da ya ɓalle mazauninsa, ta danna da babban yatsa.

"Miƙo min shebur," ta ce. "Kai kuma ja bel ɗin nan da kyau. Ba za ka mutu ka bar ni da falale huɗu ba."

Ya ja bel ɗin. Ta cika ramin ita kaɗai, tana takawa da ƙafa. Da ta gama, su uku suka kama falalen farko, ita a gaba, Hobart da kafaɗa, Delmer a zaune yana turawa da ƙafarsa mai lafiya, suna ja kaɗan suna hutawa, har ya zauna daidai wajen kai.

Verlie ta hau kansa ta jijjiga da nauyinta. Bai motsa ba.

"Na biyu," ta ce.